Injin da Maigida Ya Kulle

Shafi na 19

Sai da Baba Giris ya ɗiga wa kwaɗon kananzir sau biyu kafin makullin ya yarda ya juya. Shekara goma sha shida rabon da a buɗe ɗakin. Inna, matar marigayi Maigida, daga bakin ƙofar cikin gida ta miƙo musu makullin, ta ce ita ba za ta shiga ba, in sun gama dubawa su kira ta a yi maganar ciniki.

Auta, wanda ya koyi aikin kafinta a hannun Maigida, shi ne ya tura ƙofar. Hasken hantsi ya shiga ya kwanta a kan tamfol, ƙura ta yi kauri a kansa har sawun ɓeraye ya fito. Ya kama gefe ɗaya, Baba Giris ya kama ɗayan, suka janye a hankali.

Ga shi nan yadda ya san shi. Kore, baƙin ƙarfe, tsayinsa ya kawo wa mutum ƙirji. Injin fere katako ne irin na da, wanda za ka tura masa katako mai kaushi ta wannan baki, ya miƙo maka shi ta wancan sumul, kauri ɗaya daga kai har gindi. Tsohon bakaniken ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya zagaya injin sau ɗaya bai taɓa shi ba. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, yau sai cewa ya yi a hankali, rabonsa da ganin irin wannan tun yana da haƙoransa duka.

Auta bai ji shi ba. Bakin injin yake kallo.

Katakon yana nan. Rabinsa a ciki, rabi a waje, rololin suna riƙe da shi kamar yanzu aka ɗauke wuta. Ko cire shi Maigida bai yi ba.

Ranar da abin ya faru, Auta ne ya kai wuƙaƙen injin wurin mai washi, shi ya dawo da su, shi ya ɗaure su da hannunsa. Dokar shagon ita ce wanda ya ɗaure wuƙa shi ke tura katakon farko. Har ya ɗauko katakon, sai wansa, Yaya, ya karɓe daga hannunsa ya ce matsa, yau ni zan tura. Katakon bai kai rabi ba wuƙa ɗaya ta fizge, ta tsaga murfin, ta sami Yaya a hannun dama. An ɗinke hannun, amma bai sake riƙe zarto ba. Hannun ya shanye, yatsun suka lanƙwashe.

Ba wanda ya zagi Auta. Da an zage shi da ya fi masa sauƙi. A gadon asibiti, a gaban mahaifiyarsu, Yaya ya dube shi ya ce ya yafe masa. Da wannan yafiya Auta yake kwana, da ita yake tashi. Saboda ita ya ƙi aikin da aka nema masa a wani gari. Saboda ita ya buɗe shago ya sa wa Yaya kujera a gaba, shi ke magana da masu kawo aiki, shi ke cewa a yi ko a bari, Auta na baya yana aikin. Shekara goma sha shida bai taɓa musa masa ba, sai a kan injin nan. Da labari ya zo cewa Inna za ta sayar, Yaya ya ce a bar wa masu sayen tsohon ƙarfe su farfasa. Auta ya ce shi dai yana so, ƙofofi sun yi musu yawa, ferewa da hannu na cinye musu kwanaki. Gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. So yake ya ga ramin notin da ya kasa ɗaurewa.

Baba Giris ya shimfiɗa buhu ya jera kayansa. Bai fara da inda Auta yake so ba. Ya ce mai sayen tsohon inji daga ƙasa yake farawa, don fuska kowa na iya shafa mata fenti. Ya kwanta ya leƙa ƙafafun, ya ƙwanƙwasa jikin da sifana yana saurare, ya ce babu tsaga. Bel ɗin ya taɓa, ya ruɓe a hannunsa kamar tsohon takalmi, ya ce wannan ba komai, ana samu. Suka juya kambun da ke sauke teburin, da fari ya cije, da aka ba shi mai sai ya tafi, katakon ya saki. Auta ya zare shi ya jingina da bango, fuskar a juye.

Daga nan tsohon ya goge tsakiyar teburin da kananzir da sandfefa mai laushi. Tsatsar ashe a sama kawai take. Ƙarƙashinta ƙarfen ya fito fari, har Auta ya hango inuwar fuskarsa. Baba Giris ya ɗora rular ƙarfe a tsaye, ya haska tocila ta baya, ya ce Auta ya durƙusa ya duba ko haske na ratsowa ta ƙarƙashi. Bai ratso ba. Suka gwada ta tsawo, ta faɗi, ta kusurwa. Ko zare bai ratso ba.

Sai ya sa yatsa ɗaya ta gefe, inda bel ɗin yake zama, ya tura gangar da ke ɗauke da wuƙaƙen.

Ta juya. Ta ci gaba da juyawa. Ƙarfen da mutum biyu ba za su ɗaga ba, shekara goma sha shida a tsaye, ga shi yana tafiya da turin yatsa ɗaya, babu ƙara, babu gurnani. Baba Giris ya kafa bakin sukudireba a gidan boris, inda gangar ke juyawa a kai, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Suka jira su biyu har ta gaji don kanta ta tsaya.

"Ɗana," in ji shi, "wannan sai ya binne ni, ya binne ka, ya binne wanda zai gaje ka. Ko me Inna ta ce, kada ka yi mata ciniki."

Auta ya ce ya ji. Ya ce a buɗe murfin.

Murfin na nan da tsagarsa, ƙarfen ya banƙare waje kamar an huda shi da mashi. Da suka ɗaga, gangar ta bayyana: wuƙa biyu a mazauninsu, na ukun babu komai sai ramukan noti biyar a jere. Huɗu da guntayen noti a ciki, sun karye. Na tsakiya wayam.

Auta ya nuna shi da yatsa. Ya ce nan ne. Ya ce ya sha lissafawa a ransa, na tsakiyan ne bai ɗaure da kyau ba, shi ya fara kwancewa, sauran suka kasa riƙewa.

Baba Giris ya sunkuya. Ya zura hannu cikin maƙogwaron da dusar katako ke bi, ya yi ta lalube, ya fito da dusa baƙa, da mushen ƙadangare, can sai ga notin. Ya wanke shi a kwanon kananzir, ya kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ya daɗe yana juya shi.

"Kai ka ɗaure wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Da wace sifana?"

"Ta sha bakwai. Doguwar."

"Ka ƙara mata bututu?"

Auta ya ce ya ƙara, haka Maigida ya koya musu.

Tsohon ya miƙa masa notin, ya nuna masa kafaɗun kansa, inda sifana ta cije har ƙarfen ya kwanta. Ya ce notin da aka bari sako-sako ba haka yake kama ba. Shi kwancewa yake a hankali, yana rawa, yana goge ƙasan kansa har ya yi sheƙi. Wannan bai yi rawa ba ko sau ɗaya. Wanda ya ɗaure shi ya ɗaure da ƙarfinsa duka. Fizgo shi aka yi a miƙe, kamar yadda ake zare ƙusa daga ruɓaɓɓen katako.

"To me ya sa ya fita?"

"Abin da zan tambayi ramin ke nan."

Ya lanƙwasa bakin wata siririyar waya, ya durƙusa, Auta na riƙe masa tocila. Haƙoran ramin, waɗanda noti ke kamawa, sun cinye, bangon ya yi sumul. Wayar ta fara fito da wani abu ja-ja mai ƙyalli, yana farfashewa kamar busasshen ƙaro. Baba Giris ya murza a yatsa, ya sansana, ya miƙa wa Auta. Auta bai buƙaci sansanawa ba. Gam ne, irin wanda suke dafawa a gwangwani a wancan zamani.

Sai zaruruwan itace suka biyo baya.

Tsohon ya zauna a ƙasa daɓas, ya yi wata gajeriyar dariya wadda ba ta daɗi ba. Ya ce kafintoci, Allah ya shirye ku, ku komai na duniya katako ne a wurinku, da za a ba ku jirgin sama da gam za ku gyara shi. Ya ce abin a fili yake. Wani ya cinye haƙoran ramin wajen kwance wuƙa, tsoro ya kama shi, sai ya yi abin da kowane kafinta ke yi in ramin sukuru ya yi faɗi a jikin ƙofa: ya feƙe tsinke, ya tsoma a gam, ya cusa. A ƙofa dabara ce mai kyau, tana shekara ashirin. Kuma in ka ɗaure noti a kai za ka ji ya cije tsam, ba yadda za a yi hannunka ya gane. Amma ganga mai juyawa sau dubbai a minti ɗaya ba ƙofa ba ce.

"Ko ni na ɗaure shi ranar," in ji shi, "da haka zan ji ya ɗauru. Ba laifin hannunka ba ne."

Auta ya ɗora hannunsa kan teburin injin. Sanyin ƙarfen ya ratsa shi. Ya zaci in ranar nan ta zo zai ji kamar an sauke masa kaya. Abin da ya ji ya fi kama da tsoro. Ƙarfe, wanda ba shi da baki, ya riƙe magana shekara goma sha shida a cikin rami mai faɗin ɗan yatsa, bai ƙara ba, bai rage ba, yana jiran wanda zai zo ya tambaya.

Wayar ta sake shiga. Wannan karon ta kamo wani abu a can ƙasa, inda notin bai kai ba. Baba Giris ya jawo shi sannu a hankali ya ajiye a tafin Auta. Gindin tsinken ne, bai fi tsawon farce ba, bai murƙushe ba.

Kusurwa uku gare shi.

Awa biyun da Auta ya yi a wurin mai washi, mutum biyu ne a shagon. Shi Maigida, da tsinken ashana yake cike ramin sukuru, kullum akwai kwali a aljihunsa ko da yake ba ya shan taba. Mai feƙe tsinke da sara uku, ya ce mai kusurwa ya fi zagayayye kama gam, mutum ɗaya ne. Shi ya koya wa Auta ma. Har yau, da hannun hagu, in ya zauna a kujerarsa ba aiki, haka yake feƙe su ya tara a gwangwani.

Baba Giris ya dubi fuskarsa. Ya tashi ya koma wanke notin da ya riga ya wanku.

Inna ta leƙo da butar shayi, ta tsaya daga dokin ƙofa. Ganin murfin a ɗage sai ta sauke butar a ƙasa. Auta ya tambaye ta ko Maigida ya taɓa buɗe wurin nan bayan abin ya faru. Ta ce washegari ya shigo shi kaɗai, ya yi kamar awa guda, ya fito ya sa kwaɗo, ranar ko abinci bai ci ba. Masu tsohon ƙarfe sun yi ta zarya, ya kore su. Wani mai babban shago ya zo har sau uku, ya hana shi ko gani. Da ciwo ya kwantar da shi, ya ce mata in ta ga dama ta sa a yi shela za a sayar, amma kada ta ba kowa sai Auta, in ya zo da ƙafarsa. In bai zo ba, a bar shi ya ruɓe a nan.

"Bai faɗa miki dalili ba, Inna?"

"Na tambaya. Cewa ya yi akwai abin da ba a bakinsa ya kamata a ji ba."

Ta ce zancen kuɗi kuwa, abin da ya sawwaƙa ya bayar, ita dai ɗakin take so ta samu. Ta koma ciki.

Auta ya zauna a kan buhun ya buɗe tafinsa. Ya yi ƙoƙarin jin haushi, haushin ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Maigida ya sani ya yi shiru, ya bar shi yana ɗauke da abin da ba nasa ba, amma kuma bai share ramin ba, bai sayar ba, ya tsare shaidar kamar amana. Wannan zalunci ne ko adalci? Shi kuma Yaya. Ranar nan da ya karɓe katakon ya ce matsa, Auta ya ɗauka tsautsayi ne ya kai Yaya inda shi ya kamata ya tsaya. Yanzu ya ga wata fuskar. Mutum ya yi gyaran da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, ya kasa faɗa don tsoron Maigida, ya kuma kasa barin ƙaninsa ya tsaya a gaban wuƙar. Sai ya tsaya da kansa. Ya biya da hannu. Sannan ya kwanta a asibiti ya yafe wa wanda bai yi komai ba.

Ko kuwa bai sani ba? Wannan ma tana yiwuwa. Kafinta ne, ya yarda da tsinkensa. Ƙila har yau bai taɓa haɗa tsinken da wuƙar ba, ƙila da zuciya ɗaya ya yi yafiyar. In haka ne, me ya rage masa a duniya ban da sanin cewa ba shi ya jawo wa kansa ba? 'Ya'yansa da haka suka tashi. Da haka yake zama a kujerar nan ana gaishe shi. In aka ɗauke masa wannan, hannu na biyu aka sare.

Ya rufe tafinsa. Ya ce wa Baba Giris yana roƙon alfarma, abin da suka gani ya tsaya a ɗakin nan. Tsohon ya ce shi bakanike ne, ba mai shela ba, amma fa ya sani, sauran notocin goma sai ya kwance su ɗaya bayan ɗaya kafin wuta ta shiga injin nan, yanzu dai sun cije, ya jiƙa su da kananzir sai gobe. Auta ya ce haka za a yi.

Bai rufe baki ba suka ji sallama a tsakar gida, suka ji Inna na cewa ikon Allah, yau kai ne a gidan nan. Auta ya jefa tsinken a aljihun gaba.

Yaya ya tsaya a bakin ƙofa, ya tare hasken. Hannun daman na cikin aljihun riga kamar kullum. Shekara goma sha shida ko ta layin nan ba ya bi. Ya gaida Baba Giris, ya yi masa tsiyar cewa har yanzu bai yi ritaya ba, tsohon ya ce ai sai ya ga bayan kafintocin garin nan tukuna. Ba wanda ya yi dariya sosai. Yaya ya shigo, ya dubi katakon da ke jingine a bango, ya kawar da kai. Ya zo gaban injin ya tsaya daidai inda ya tsaya a wancan lokaci, ya ɗora hannun hagu a kan teburin, inda aka goge.

"Har yanzu yana da kyau," in ji shi.

"Yana da kyau, Yaya."

"Ka saya ke nan."

"Na saya."

Idonsa ya tafi kan gangar, kan ramin tsakiya da aka share fes. Ya daɗe a wurin. Ya tambaya me suka gani.

Auta ya ji tsinken a ƙirjinsa kamar garwashi. Ya ce ba komai, abin da aka sani ne, notin tsakiya ne bai ɗauru ba. Ya ce Baba zai gyara ramin nan ɗaya, a sa sabuwar wuƙa da sabon bel, shi ke nan. Sauran wuƙaƙen biyu lafiya suke, ba sai an taɓa su ba. Ƙaryar ta fito masa sumul har ya yi mamakin kansa, sai ya ƙara mata, don ta zauna: jibi in Allah ya kai mu za a kunna.

"Wa zai tura na farko?"

"Ni mana, Yaya. Ka san doka."

Baba Giris ya sunkuyar da kai cikin kwanon kananzir.

Yaya ya sa yatsan hagu ya tura gangar a hankali. Mazaunin da babu wuƙa ya wuce. Wuƙa ta farko ta zo ta wuce. Da ta biyun ta iso sama sai ya tare ta da tafinsa. Ya bi notocin da yatsa, ɗaya, biyu, uku, ya tsaya a kan na huɗu.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Kada ka kunna." Bai ɗago kai ba. "A sa Baba ya buɗe wannan ma. Guda biyu na cusa."